Hular Yayansu

Lahadi, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Jiya aka yi sadakar bakwai, yau gida ya koma namu. An naɗe tabarmin aro, masu kujeru sun zo sun kwashe abinsu, dangin marigayi maigidana sun koma Batagarawa, har da ludayina mai kyau a cikin kayansu, Allah ya sa mantuwa ce. Rashida ma ta koma ɗakinta a Kambarawa. Kafin ta fita ta ajiye mini wannan littafi a kan gado, ta ce, "Inna, tunda kin ƙi yi ma kowa magana, ki riƙa yi ma takarda." Na tsufa ina tilasta wa yaran firamare rubuta insha'i, yau ga 'yar cikina ta ba ni aikin gida.

Ban san yadda zan rubuta shi a nan ba, ɗan nawa da aka yi wa sadakar. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kama sunan ba. Haka na taras uwata tana yi da babban yayanmu, haka na yi. Ƙannensa suna ce masa Yaya, ni kuma in ce Yayansu. A nan ma haka zan ce.

Saura ni da Nu'uman a gidan. Shi ne autana, bara ya gama sakandare. Tun ranar bai ci abin kirki ba, bai kuma yi kuka ba. Rashin kukan ya fi damuna.

Litinin, 15 ga Mayu, da hantsi

Ina neman almakashi a kwandon ɗinki na ci karo da hular Yayansu.

Ba ta zama hula ba tukuna, dogon ƙyallen jikin hula ne, ko kwatarsa ban ɗinke ba. Tun ina budurwa nake ɗinkin hula. Na yi wa angwaye, na yi wa alhazai, na yi wa manyan GRA waɗanda ko sunana ba su sani ba. Nu'uman kuwa duk Sallah da sabuwarsa, auta ba a jin kunyarsa. Yayansu kaɗai ne ban taɓa yi wa ba. Sai ya tsaya a ƙofar ɗakina yana gyara 'yar hular kanti a kansa, ya ce, "Inna, garin nan kowa ya san ɗinkinki ban da kaina." In ce masa ya ba ni wuri, ya tare mini haske. Da azumin bana ya gaji da jira, ya sayo ƙyalle da zare da kansa, ya kai wa Malam Dabo ya auna shi ya zana.

Malam Dabo maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ke zana mini duk hular da na ɗinka tun zuwana gidan nan ina amarya. Matarsa Hure, tare muka yi goyo, tare muka yi yaye, gishirinta nawa ne. Rabe ɗansu ne. Iyakar abin da zan rubuta a kan Rabe yau ke nan.

Zanen ganuwa ne da ƙofofi a jere, Malam ya ce bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Na ɗinke ƙofar farko da ta biyu, sai aikin Sallah na mutane ya taso, na ajiye. A gefen ƙofar farko akwai tabon baƙin mai, sawun babban yatsan Yayansu. Daga wurin gyaran janareto ya dawo, ya ɗauka yana dubawa, na yi masa tatas a kan ya ɓata mini aiki. Dariya kawai ya yi.

Na mayar da ita ƙasan kwando na danne da zare.

Talata, 16 ga Mayu, da Magariba

Hure ta yi sallama ta kan katanga. A zuci na amsa.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan Azahar

Dakalin ƙofar gidanmu ya cika da yara masu jajayen idanu. Suna gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, "Sannu da haƙuri, Inna." Da Yayansu na nan ba su isa su ɗora mazaunansu a dakalin nan ba. Mutanen gari kauraye suke ce musu, wato 'yan daba. Ni dai na koyar da wasunsu a aji uku, na san wanda yake fitsari a wando a cikinsu, yau shi ne mai tafiya yana buɗa hannu.

Na kira Nu'uman ciki na tambaye shi me suke yi mana a ƙofa.

"Inna, ki bar ni da su. Su suka san abin da ya hwaru."

"Mi suka sani?"

"Sun san gidajen. Har da na nan kusa." Ya nuna katanga da haɓa. "An ce a bari arba'in ta wuce, kar a ce ba mu girmama mamaci ba."

"In ta wuce sai mi?"

Ya sa kai ya fita.

Bari in rubuta ƙarara, tunda takarda ba ta kai tsegumi. Tsoro nake ji. An binne mini ɗaya, ga na biyun yana ɗaura ɗamarar bin sa. Ko dai a shigo mini da shi a kwance, ko a tafi da shi inda aka kai Rabe. In arba'in ta wuce yana tare da yaran nan, na rasa shi.

Asabar, 20 ga Mayu, da rana

Asabar. Ban ɗora tukunya ba.

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Hannu ya ƙi zama. Na ja carbi har yatsa ya gaji, na share tsakar gidan da ba datti, na wanke kwanonin da aka riga aka wanke. Daga ƙarshe na ciro ta daga ƙasan kwando, na zauna a gindin bedi, na zura allura.

Allura ba ta tambayar mutum ya haƙuri. Wannan kaɗai ya isa in so ta a kwanakin nan. Masu zuwa gaisuwa kowa da irin fuskar da yake so ya ga na yi, wata ma in ban yi hawaye ba sai ta tafi kamar na hana ta ruwan sha. Ita kuwa allura shiga take ta fita, ni ma in samu inda zan ajiye idona.

Abin haushin shi ne, zanen Malam Dabo nake bi. Duk inda bironsa ya ratsa, nan allurata ke ratsawa. Ina jin zafin gidan, ina bin layin maigidan sawu da ƙafa.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan Azahar

Mai unguwa da liman sun zo, na gaisa da su ta bayan labulen zaure. Sun ce ranar arba'in, in an shafa addu'a, za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, iyayen yaran nan da iyayen na ƙetaren kwalbati, a kashe wutar tun ba ta ci wani gidan ba. Maganar waɗanda ke tsare tana hannun hukuma, ba ruwan zaman da ita. Rabe na cikinsu, tunda da na ƙetaren yake yawo, kuma har yau ba wanda ya ce ga hannun da ya yi kisan. Abin da suke roƙo, Nu'uman ya zo ya zauna a gaban mutane. Liman ya ce in ƙanen mamaci ya zauna, sauran ba su da hujjar tashi.

Aka kira shi. Ya durƙusa kamar abin kirki, ya saurara har suka gama, sannan ya ce, "Allah shi ba su Malam haƙuri. Ni ba ni zama inuwa ɗaya da uban Rabe."

Uban Rabe! Yaron da ya buɗe baki da Baba Dabo. Yaron da Malam ke zagaya wa igiya a kai duk Sallah yana tsokanarsa, wai kai kamar gauta, ina karatu zai zauna. Na ji kamar in fito in kwaɗa masa mari, sai na tuna ni ma ko sallamar Hure ban amsa ba. A wurin wa ya koya?

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

An yi ruwan farko. Yara sun fita suna tsalle a lungu kamar ba a yi komai a lungun ba. Na kwashe shanya, na tarar har yanzu ina shanya tawul ɗin Yayansu tare da namu.

Ladi mai kawo mini zare ta fake a ɗakina. Ba a tambaye ta ba ta fara: zauren Malam Dabo a rufe yake tun ranar, mata sun koma kai zane kasuwa, bai ƙara riƙe biro ba, sallah ma can wani masallaci yake zuwa inda ba a san shi ba. Hure kuma wai ta zama kamar kara. Na ce mata ni ban aike ta jin labarin kowa ba. Amma na bar ta ta kai ƙarshe.

Asabar, 27 ga Mayu, da La'asar

Asabar kuma. Bari in rubuta sau ɗaya ko zan huta.

A nan gindin bedi nake zaune, ina ɗinkin hular wani. Hure ta shigo ba mayafi, ta wuce ni ta tsaya a ƙofar ɗakin Yayansu. Ta ce an fara faɗa a bakin kwalbati, Rabe na ciki, kuma ba wanda Rabe ke jin maganarsa sai shi. Ya sa takalmi. Da ya zo wucewa ya ɗan tsaya a kaina, har inuwarsa ta rufe mini ɗinki, ya ce, "Inna, bari in jawo shi in dawo."

Na so in ce kar ya je, wallahi na so. Amma a gaban Hure ba zan nuna ina tsoro a kan ɗan fari ba, ba a yi. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Uhm."

Da na san ita ce ta ƙarshe, ko kallonsa ne da na yi.

Talata, 30 ga Mayu, bayan Azahar

Nu'uman ya gane abin da nake ɗinkawa. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Inna, wannan ba zanen mutumin nan ba ne?"

"Hular Yayanka ce."

"Wa zai sa ta? Ki ba ni in cinna mata ashana, mu huta da ganin hannunsu cikin gidan nan."

Na ce masa ranar da ya taɓa ƙyallen nan zai san ni na haife shi ba shi ya haife ni ba. Ya ce na fi son ɗinki da jinin ɗana. Na ce ya fita. Ya fita, ya buga ƙyaure har ƙasa ta zubo.

Tambayarsa ce ta tsaya mini. Wa zai sa ta? Ban sani ba. Na dai san in na ajiye allurar nan zan fara ihu, kuma ban san ranar da zan daina ba.

Alhamis, 1 ga Yuni, da hantsi

Ɗinkina ya lalace. Wuri ya tsuke, wuri ya saki, kamar na 'yar koyo. Ban warware ba.

Asabar, 3 ga Yuni, da rana

Ban ɗaga kai ba.

Lahadi, 4 ga Yuni, bayan La'asar

Na gama jiki. Sai yanzu na tuna abin da na sani sarai, na ƙi tunawa.

Hula jiki ce da kai. Sauran masu zane tare suke zana su, su miƙa maki ki tafi. Malam Dabo ba ya yin haka. Sai kin ɗinke jiki kin kawo masa ya gani, sannan ya yanka kai ya zana. Wai kowace mace da yadda hannunta ke jan ƙyalle, shi kuma ba zai yanka kai a kan zato ba. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya a kan wannan ƙa'ida, ina cewa so yake a yi ta zarya a zaurensa kamar na mai gari. Yau ga ni da jiki ba kai, mai kan kuma yana bayan katanga, ina jin tarinsa.

Talata, 6 ga Yuni, bayan Azahar

Rashida ta raka ni Babbar Kasuwa a keke, wurin masu zanen hula. Muka samu wani dattijo mai tabarau, aka gaisa, na warware masa ƙyallen a kan tebur. Bai ko taɓa ba.

"Hajiya, wanga ai hannun Malam Dabo ne."

Na ce na sani, kai nake so ya sa mata.

"Sa wa ba wuya. Amma duk mai ido zai gane kan aro ne. Ki duba ganuwar nan, wani wuri ta dosa, shi kaɗai ya san inda za ta haɗe. Halan ba shi da lahiya ne?"

Rashida ta yi farat ta ce tafiya ya yi. Ya ce to mu jira shi ya dawo, hula irin wannan ba a yi mata gaggawa. A keke muna dawowa ta ce, "Inna, ki haƙura da ita mana, ki ninke ki aje." Na ce haka na yi da farko, na ninke na ajiye, ga inda ya kai ni.

Alhamis, 8 ga Yuni, da hantsi

Na shiga ɗakin Nu'uman in cire zanin gado. Akwai abu a ƙarƙashin katifa, naɗe cikin tsumma, an wasa shi har yana ɗaukar ido. Ba zan rubuta sunansa ba. Na yi tunanin jefa shi rijiya, sai na ga kafin Azahar yaran dakali za su ba shi wani. Na mayar yadda na same shi, na zauna a bakin katifar har ƙafata ta yi sanyi.

Arba'in Alhamis mai zuwa ce.

Juma'a, 9 ga Yuni, bayan La'asar

Na je.

Da hantsi, da Nu'uman ya fita, na naɗe ƙyallen a mayafi. Ƙofar da nake shiga ko ɗankwali ban gyara ba, yau ta zame mini kamar zuwa Jibiya a ƙasa. Na yi sallama. Hure ta fito daga madafa, ta gan ni, muciya ta faɗi daga hannunta. Ladi ba ta yi ƙarya ba, ta ƙare.

Muka fara gaisuwa kamar baƙi. Ina kwana, lahiya lau, ya gida, lahiya lau. Da aka zo kan ya haƙuri sai ta zube a ƙasa ta kama ƙafata.

"Safara'u, ni na kira shi. Ni na shigo har ɗaki na kira shi."

"Na sani, ina wurin," na ce. "Tashi. Ba wurinki na zo ba, aiki na kawo ma Malam."

Maganar ta yi kaifi, tun tana fita na ji. Ban janye ba.

Malam Dabo ya fito ya zauna can nesa a bakin tabarma, idonsa a ƙasa. Na tura masa ƙyallen. Ya shimfiɗa a gwiwa yana bin ɗinkin da yatsa, ƙofa bayan ƙofa. Da ya iso kan tabon baƙin mai ya tsaya, ya daɗe.

"Malama, hannuna ba shi zama yanzu. Zan ɓata maki ita."

"Nawa ma ba shi zama, amma na ɗinke. Duba ƙarshen nan. Ka taɓa ganin na yi ɗinki mai muni haka?"

Ya kai ƙyallen kusa da ido, ya duba da gaske, kamar yadda ya saba. "Gaskiya ban taɓa ba," ya ce. Saura kaɗan in yi dariya a gidan, Allah ya kiyaye.

Ya auna jikin da yatsu, ya sake aunawa. Sannan ya ce, "Nu'uman hwa?"

"Yana nan."

"Ina ganin shi da yaran nan ta kafar ƙyaure."

Ya sa Hure ta ɗauko masa farin ƙyalle da almakashi da biro. Ya dafe hannun da ɗayan, da biron ya sauka a ƙyalle sai ya natsu. Ina zaune ya yanka kan, ya zana. Kowace ƙofa ya jawo mata hanya, duk suka haɗu a fili ɗaya a tsakiya. Ban tambaye shi ma'ana ba, ni maɗinkiya ce, ba mai fassara mafarki ba.

Da zan fita Hure na rakuɓe a jikin bango. Na ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?" Ta girgiza kai. Na ce ta ci, mutuwarta ba za ta dawo mini da kowa ba. Iyakar alherin da na iya ke nan yau.

Lahadi, 11 ga Yuni, da Azahar

Ina ɗinkin kai. Wuyana kamar zai karye. Yaran dakali sun ƙaru.

Talata, 13 ga Yuni, bayan La'asar

Na gama kai da hantsi, na zo haɗawa da jiki, suka ƙi haɗuwa. Jikin ya fi kan faɗi da yatsa biyu. Na juya, na ja, na sake gwadawa, yatsa biyu dai. Raina ya ɓaci. Na ce tsohon nan da gaskiyarsa, hannun ya tafi, ya kashe mini hula ya kashe mini kwanaki. Har na yafa mayafi zan je in zazzage masa.

A bakin ƙofa na tsaya. Tun ina amarya ban taɓa ganin Malam Dabo ya kuskure awo ba, kuma a gabana ya auna, ya sake aunawa. Tsohuwar hular Nu'uman ta Sallar bara na rataye a ƙusa a zaure. Na ɗauko ta na kifa a kan sabon kan. Ko bakin allura bai ratsa tsakani ba.

Ba kuskure ya yi ba. Kan mai rai ya yanka.

Na fara jin haushi sabo. Wa ya ba shi izini? Hular ɗana ce, ɗana ya sayi ƙyallen, ɗana aka auna. Shi da gidansa ya ci mini ɗaya, yanzu har hular ma sai ya sauya mata mai ita? Na faɗi maganganu ni kaɗai a tsakar gida, da Hure na kusa da katanga ta ji su duka.

Da haushin ya sauka sai kuka ya zo, wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Nu'uman ya tambaye ni wa zai sa ta, na kasa amsawa. Tsohon nan ya amsa da almakashi bai ce uffan ba.

Laraba, 14 ga Yuni, da Magariba

Kafin su haɗu sai an rage jiki, ƙofa ɗaya za ta fita. Ko dai ta farko, mai tabon yatsansa, wadda na ɗinka yana raye yana tsokanata, ko ta ƙarshe mai mummunan ɗinki. Na so in yanke ta farkon in ɓoye a akwatina, ita kaɗai ce abin da ya taɓa wanda ya rage mini. Na riƙe almakashi a kanta har hantsi ya yi. Sai na juya ƙyallen na yanke ta ƙarshen.

Na haɗa, na kalmashe baki. Ba wanki, ba sitaci, ta yi laɓo-laɓo kamar tsumma, amma hula ce.

Da Nu'uman ya shigo bayan La'asar na kira shi ɗakina, na ɗora masa a hannu.

"Ka ga tabon nan? Yatsan Yayanka ne. Zanen na uban Rabe ne, kamar yadda kake ce mashi. Ɗinkin nawa ne. Awon kan kuwa naka ne, shi ya yanka, ban sa shi ba. Ka ce za ka ƙona, tau ga ashana nan bisa tebur."

Ya tsura wa tabon ido. Ya ɗora nasa yatsan a kai. Na ce, "Nu'uman, na yi shiru sau ɗaya wani ya hita gidan nan bai dawo ba. Kai ba ni yi maka shiru. Kar ka tahi. Ina son ka, ba ni iya rasa ka." A gidanmu ba a irin wannan maganar, ni kaina sai da na ji ta baƙuwa a bakina.

Ya fita da hular. Ashanar dai tana kan tebur.

Alhamis, 15 ga Yuni, bayan Magariba

An yi addu'a da safe, an raba waina da gumba. Mata sun cika gida, ni hankalina na ƙofar ɗakin Nu'uman. Maza suka tashi zuwa ƙofar gidan mai unguwa, ɗakin na rufe. Rashida ta dube ni, na dube ta.

Can sai ga shi ya fito da farar shaddarsa ta Sallah. Da hular a kansa. Ta zauna masa daram, tabon na daidai saman kunnensa na dama. Wata gwaggonsa ta ce, "Kai, wa ke sa hula ba a kai ta wanki ba?" Bai kula ta ba, ya wuce.

Abin da ya faru a can mijin Rashida ne ya ba mu labari. Ya ce Nu'uman can gefe ya zauna, bai yi magana ba, da aka ce a yi musabaha bai miƙa wa kowa hannu ba. Amma ya zauna har aka shafa fatiha. Ya ce Malam Dabo na ɗaga kai ya ga hular, sai ya ja hannun riga ya rufe fuska, bai buɗe ba har aka watse.

Da La'asar yaran suka taru a dakali suna ta fito. Ɗaya har ya leƙo zaure ya kira sunansa. Yana zaune a gabana a gindin bedi, na zuba masa tuwo, kunnena na waje, idona na kansa. Ya ci loma biyu, ya ajiye, ya ce, "Inna, kar a wanke ta." Na ce ba mai wanke ta. Sai ya kifa kai a gwiwata, ƙato da shi, ya yi kukan da yake bin sa tun watan jiya. Kafin Magariba dakalin ya zama ba kowa.

Ban ce an gama ba. Rabe na can, shari'a na gaba, abin nan ma ban duba ko yana ƙarƙashin katifa ba. Na dai san yau ɗana a gida zai kwana.

Juma'a, 16 ga Yuni, da hantsi

Hure ta yi sallama ta kan katanga. Na amsa, ta ji.

Guntun da na yanke yana nan cikin littafin nan, ƙofa ɗaya mai karkataccen ɗinki. Shi ne rabona, kuma ya dace da ni. Da na yi ta tun da azumi, da ya sa ta ya je Idi, da na leƙa ta labule na gan shi ko da ban yaba ba. Na tsaya yi wa mutanen da ba su san sunana ba.

Na duba ko'ina, ba kowa a gidan, Nu'uman ya tafi aski. Uwata ba ta nan balle ta ce na yi rashin kunya.

Nasiru.

Nasiru, ɗana, na gama maka hularka. Ka yi haƙuri, ta yi maka kaɗan.